Ƙafar Wa Aka Auna?

Littafin Don Norman da aka sani da The Design of Everyday Things ya fara fitowa a Amurka a 1988, kuma har yau masu ƙera kayan zamani suna haddace shi kamar karatun allo. Hujjarsa mai sauƙi ce: idan ka tura ƙofar da ake ja, laifin na wanda ya ƙera ƙofar ne. Kamata ya yi abu ya nuna wa hannu yadda za a kama shi. Wannan tunani na sa ɗan Adam a gaba shi ya raka duniya daga zamanin inji zuwa zamanin na'ura.

Hujjar tana da ƙarfi, amma wanda ya karanta ta a Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, zai ga inda ta yi rauni.

A ɗauki injin niƙa, da keken ɗinki, da injin ban-ruwan da manoman rani ke ja zuwa fadamun Shagari. A ma'aunin Norman duk sun faɗi. Suna da ƙara, suna da wuyar tashi, bel ɗin injin niƙa kuma ba ya tausayin yatsa. Sai dai cikinsu a buɗe yake. In injin ban-ruwa ya ƙi tashi, bakanike ya kwance fulogi, ya wanke kafireto, yaronsa na tsugune yana kallo. Bayan 'yan shekaru yaron ya buɗe tasa rumfar. Ilimin inji yana zama a gari.

Wayar salula, wadda ta fara yaɗuwa a Nijeriya daga 2001, ta zo da wani hali. Yaron da bai shiga makaranta ba zai iya shafa fuskarta ta amsa masa. Amma da yawansu yanzu batirinsu a liƙe yake, gyaransu sauya kayan da aka yi a waje ne, mabuɗin manhajarsu kuma yana hannun kamfanin da ba ka san ƙofarsa ba. Tun 1984 masanin falsafa Albert Borgmann ya lura cewa na'ura tana miƙo maka amfani, ta ɓoye maka yadda aka yi. Norman ya damu da sauƙin amfani, bai ba mai gyara matsayin da ya ba mai saye ba.

Sannan wane ɗan Adam aka sa a gaba? A Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa yana rubutu kafin ya koma Sakkwato a 1815. Har yau ƙasar nan cike take da masu karatu daga dama zuwa hagu. Dattijon da ke karanta ajami ba gargada, in ya danna lambobin tura kuɗi a waya, Turanci ke tarbarsa, sai ya miƙa wa mai POS katinsa da lambar sirrinsa. Na'urar tantance yatsa kan yi gardama da hannun da fartanya ta cinye. Ko a takardar kuɗi, an cire ajami daga ƙananan takardun naira a 2007. An ɗinka takalmin da kyau, amma ƙafar wani aka auna.

Inda aka auna tamu, an ga riba. Tecno da Itel sun mamaye kasuwanninmu da layi biyu da batirin da ke jure rashin wuta. Saƙon murya na WhatsApp ya buɗe wa wanda bai yi boko ba hanyar ciniki da zumunci.

Littafin Norman ya cancanci karantawa, musamman ga matasanmu masu koyon ƙera manhaja. Sai dai su ƙara masa tambayoyi biyu da bai tsaya a kansu ba: da wane rubutu na'urar za ta yi wa mai ita magana, kuma in ta lalace ranar kasuwa, wa zai iya buɗe ta a Boɗinga?