Makaɗin Jita a Gaban Kyamara: Nazari a kan Gadon Arlit

A shekarar 2015, sa'ad da aka fara nuna fim ɗin nan mai suna Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda aka ɗauka a lungunan Agadas da harshen Abzinawa, masu kallo na Turai da Amurka sun fi shagaltuwa da sunansa, domin an fassara musu shi da ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki, aka kuma gaya musu cewa harshen nasu, wato Tamashek, ba shi da kalma guda ta launin nan da mu muke kira shunayya; amma wanda ya san ƙasar, ya kuma san yadda jita ta shigo cikinta, abin da zai tsaya masa a rai shi ne saurayin da ke bisa babur, rawani ya rufe masa fuska, jita tana rataye a bayansa, yana amsa sunansa na gaskiya a cikin labarin da aka ƙago. Mahamadou Souleymane ke nan, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, haifaffen Cintabaraden, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Arlit. Mas'alar da nake son in bi a nan ita ce wannan: mene ne ya sa makaɗin jita na ƙasar Abzin, in an tsai da shi gaban kyamara, ba ya zama wani mutum dabam kamar yadda sharaɗin wasan kwaikwayo ya nema, sai dai ya ƙara zama kansa, kuma mene ne aka samu, mene ne aka rasa, ta wannan hanya.

Ba za a fahimci jawabin ba sai an fahimci Arlit. Agadas birni ne mai asali, mai sarki da fada da hasumiyar masallaci wadda ta haura shekara ɗari biyar a tsaye. Arlit kuwa, wanda ke wajen kilomita 240 arewa da shi, gari ne da aka zana a takarda kafin a aza tubalinsa, aka kafa shi a 1969 sabili da yuraniyom da Faransawa suka gano a gindin duwatsun Abzin. Kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da ma'adini a 1971, na COMINAK ya bi baya a 1978 da raminsa na ƙarƙashin ƙasa a Akuta da garin ma'aikatansa na Akokan, aka shimfiɗa kwalta tun daga Tawa, aka jawo wuta daga tashar kwal ta Cirozerin. Hausawa da Zabarmawa da Barebari da mutanen Dahome da Togo suka kwararo neman aiki, har Hausa ta zama harshen kasuwa da tasha. A cikin gidajen kamfani akwai famfo da lantarki da asibiti. A bayansu kuwa, a unguwannin da har yau ake kira bukkoki, makiyayan da farin 1973 da na 1984 suka karkashe musu raƙuma da awaki ne suka kafa rumfuna, suna kallon hasken fitilun da ba nasu ba. Da farashin ma'adinin ya faɗi a shekarun 1980 aka shiga sallamar ma'aikata, samarin waɗannan unguwanni ba su da kiwo, ba su da albashi, sai hanyar Tamanrasat da Libiya. Su ne aka laƙaba wa suna ishumar, daga kalmar Faransanci mai ma'anar marar aikin yi, kuma a hannunsu jita ta sami harshe.

Abin lura a nan, wanda a ganina shi ne tushen bahasin duka, shi ne jita ta zo ba ta da gida. A ƙasar Hausa kiɗa gado ne, makaɗi yana da ubangida, kalangu na mahauta ne, tambari na sarki. A wurin Abzinawa ma kowane kiɗa yana da ma'abutansa, gangar tande da anzad, wato ɗan gogen nan mai tsirkiya ɗaya, a hannun mata suke, yabo da kirari kuwa galibi aikin maƙera ne. Jita ba ta cikin wannan nizami. Ɗan kowa yana iya ɗaukarta, ba ya neman izinin dangi, ba ya tsayawa ƙofar wani basarake; kuma tun da ba shi da wanda zai wasa, sai ya juya ga halin da shi da tsararrakinsa suke ciki, wato ƙishirwa da gurbata da begen gida, abin da suke kira asuf. Maroƙi yana magana da bakin ubangidansa, yana iya zama zaki yau, gobe giwa. Ashamor kuwa, wato ɗayan ishumar, shaida yake bayarwa, kuma shaida ba ta karɓuwa sai daga bakin wanda ya gani da idonsa.

Shehin wannan ɗariƙa a Nijar, in an yarda in ari kalmar, shi ne Abdallah ag Oumbadougou, wanda ya rasu a Agadas a watan Janairu na 2020. Bayan kisan Cintabaraden na 1990 da tawayen da ya biyo baya, kasusuwan waƙoƙinsa sun zama haramtattun kaya, ana kwafarsu a ɓoye daga rikoda zuwa rikoda, suna yin aikin da wasiƙa da jarida ba su iya yi ba a tsakanin jama'ar da ke warwatse a ƙasashe daban-daban. Da aka sa hannu a sulhun 24 ga Afrilu 1995 ya fito fili, daga baya kuma ya buɗe makarantar koyon kiɗa a Arlit kafin ta Agadas. Kiɗansa ne Mdou ya ji yana yaro har abin ya kama shi. Da yake gidansu gidan addini ne, ba a yarda da jita ba, sai ya sassaƙa katako ya ɗaura masa wayoyin birkin keke, ya koya wa kansa, yana kaɗawa da hagu domin bahago ne. Ga silsila ke nan ba tare da zaman karatu ba, almajiri ya ɗauka daga malami ta hanyar kunne kaɗai.

Akwai wani mataki a tarihinsa wanda marubutan waje sukan ambata a gurguje, alhali mu Hausawa ya fi shafa. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, a irin ɗakunan naɗar sautin da ke yi wa finafinan Hausa waƙoƙi, da gangar na'ura da muryar da kwamfuta ta lanƙwasa, irin wadda kowane mai kallon finafinan Kano ya saba da ita. Ashe ke nan silima ta shiga kiɗansa ta ƙofar Hausa shekaru bakwai kafin ta shigo ta ƙofar Amurka. Waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya ta bulutut da katin memori, suka ƙetare har arewacin Mali, inda wani Ba'amurke mai tattara sauti, Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds, ya ji ɗaya daga cikinsu, ya sa ta a tarin da ya fitar na waƙoƙin wayoyin Sahara, ya yi ta cigiya har ya sami mai ita, ya kuma kawo masa jitar lantarki ta bahagwai.

Shi Kirkley ne ya shirya fim ɗin tare da Jérôme Fino, bisa tsarin Purple Rain na 1984, inda mawaƙin Amurka Prince ya fito a matsayin matashin makaɗi mai fama da uba da abokin hamayya da soyayya a birnin Miniyafolis. An ari ƙashin labarin, an ari babur da launin tufafi. Amma da aka zo ɗauka, 'yan wasan, waɗanda makaɗa ne da mutanen gari ba ƙwararru ba, suka ƙi abin da bai dace da ɗabi'arsu ba. Sumba da runguma suka fita. Uban Prince mai dukan matarsa ya koma dattijo mai tsoron Allah wanda ke ganin jita hanyar lalacewa ce, har ya jefa ta wuta. Satar waƙa ta zama ta hanyar wayar salula, hamayya ta zama irin wadda ake yi tsakanin ƙungiyoyin da ke takarar bukukuwan aure a Agadas, abokin hamayyar ma makaɗi ne na haƙiƙa, Kader Tanoutanoute, yana amsa sunansa. Kowane gyara da suka yi, in an duba, janye labarin yake daga majazi zuwa haƙiƙa, daga abin da ya faru ga wani a wata ƙasa zuwa abin da za su iya rantsewa a kansa. Ko launin ma, da aka ce harshensu ba shi da sunansa, ai ba baƙo ba ne a jikinsu: turkuɗin da ake rinawa a buga a Kura ta ƙasar Kano, wanda Ba'abzine ke naɗawa ranar salla da ranar aure, in rana ta doke shi, shuɗi ne mai ɗan ja a ciki.

Ina ganin fim ɗin ya yi adalci ga uban, kuma wannan yana cikin falalarsa. Ƙin da dattijon ya yi wa jita ba jahilci ba ne. Mas'ala ce da malamai suka daɗe suna saɓani a kanta, domin Imam Gazali, wanda ya faɗaɗa wajen halatta sauraron kiɗa a cikin littafinsa Ihya, ya keɓe kayan tsirkiya ya hana su saboda alaƙarsu da majalisun mashaya, Ibn Hazm na Andalus kuwa bai ga hujjar haramci ba. Iyayen Arlit da Agadas sun ga jita ta zo tare da rashin aiki da bindiga da dogon zama a Libiya, sun ga an kama 'ya'yan mutane saboda kaset, sun sake gani a tawayen 2007 yadda hukuma ta ɗauki makaɗa a matsayin abokan gaba, har makaɗin jita Bombino ya yi gudun hijira zuwa Burkina Faso. Wanda ya ga wannan, tsoronsa yana da dalili.

Irin wannan wasa, inda mutum ke fitowa da rayuwarsa a cikin rigar aro, yana da asali a silimar Nijar. A 1958 Oumarou Ganda, tsohon sojan yaƙin Indocin mai aikin dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, ya ba da labarin kansa a fim ɗin Jean Rouch, Moi, un noir, yana ɗauke da sunan wani ɗan wasan Amurka. A 1966 Moustapha Alassane ya sanya wa samarin ƙauye huluna da bindigogin kaboyi a Le Retour d'un aventurier. Sai dai Ganda bai tsaya a gaban kyamarar wani ba: ya karɓe ta, ya shirya Cabascabo, ya kuma ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1972 da Le Wazzou polygame. A Kano kuwa hanya ta bambanta, domin mawaƙi irin Umar M. Shareef, da ya fito a fim ɗin Mansoor a 2017, suna da hali na wani ya ɗauka, a cikin masana'antar da ke da marubutanta da masu zuba jarinta da kasuwarta. Makaɗan Abzin ba su da irin wannan masana'anta a bayansu. Fim na biyu da aka yi da su, Zerzura na 2017, inda Ahmoudou Madassane, mai kaɗa jita ta biyu a ƙungiyar Mdou, ya fito yana neman ɗan'uwansa da wani ɓataccen birni a cikin hamadar Tenere, shi ma daga hannun Kirkley ya fito, kuma a bukukuwan finafinai na waje ya yi suna.

A nan ne nake da ƙorafi, kuma ina yin sa da ƙaunar aikin. Rigar Prince an ɗinka ta ne domin labarin ɗa da uba, saboda haka duk abin da ba ya shiga wannan awo sai da aka bar shi a waje, kuma abin da aka bari shi ne Arlit. Mai kallon Akounak zai ga lungunan jar ƙasa da hasumiya da majalisun shayi da gasar makaɗa, zai fita yana zaton cewa babban abin da ya tsaya gaban saurayin Abzin shi ne fushin mahaifinsa. Ba zai ga tsibin dusar ma'adini da ke bayan gari ba, ba zai ga iskar da ke kwaso ƙurarsa zuwa cikin gidaje ba, ba zai ji labarin ƙarafan da suka fito daga ma'aikata suka shiga kasuwa aka ƙera su tukwane da ƙofofi ba, abin da ƙungiyar Aghirin'man ta Almoustapha Alhacen ta yi shekaru tana faɗakarwa a kai, ƙungiyar Greenpeace kuma ta zo ta auna a titunan Akokan a 2009. Shaidar da aka bayar gaskiya ce, amma an taƙaita tambayar da aka yi wa mai shaida. Abin da kyamara ba ta tambaye shi ba, jitarsa ce ta amsa daga baya: a 2021, shekarar da aka rufe ramin COMINAK ranar 31 ga Maris aka sallami ma'aikatansa, ya fitar da Afrique Victime, a 2024 kuma Funeral for Justice, inda tsirkiyoyin ke kuka da ƙarfin da bai taɓa yi a fim ba, kuma a hirarrakinsa ba ya gajiya da maimaita cewa ma'adinin ƙasarsa yana haskaka Faransa alhali ƙauyukan da ke kewaye da ramin suna kwana a duhu. A watan Yuni na 2025 hukumar Yamai ta mai da SOMAÏR mallakin ƙasa, aka buɗe wani babi wanda mutanen bukkoki suke jiran su ga abin da zai sauya musu.

Waɗanda suka juya kyamara ga garin kansa masu finafinan gaskiya ne. Idrissou Mora-Kpaï, mutumin Benin, ya yi Arlit, deuxième Paris a 2005, ya nuna tsofaffin ma'aikata da matafiya masu jiran motar Aljeriya a garin da a da ake kwatanta shi da Faris. Amina Weira kuwa, wadda ta tashi a Arlit, ta koma a fim ɗinta na 2016, La Colère dans le vent, tare da mahaifinta, tsohon ma'aikacin rami, suna zagaya unguwanni, yana kai ta wurin abokan aikinsa na da, suna zaune a inuwa suna lissafa waɗanda suka rasu da cututtukan da suka ɗauke su. Shi ma uba ne na ƙasar Abzin a gaban kyamara, yana amsa sunansa, 'yarsa tana tambaya yana ba ta amsa a hankali, iska kuma tana tasowa daga wajen ma'aikata tana rufe titi da ƙura.