Idon direba a daren hanyar Abaji

Wanda tuƙinsa na dare bai wuce Maitama da titin filin jirgin sama ba, bai san abin da fitila ke yi wa ido ba. Can akwai fitilun kan titi, akwai shingen da ya raba masu zuwa da masu komawa. Sai ka wuce Gwagwalada ka nufi Kwali da Abaji, ko ka ɗauki hanyar Kuje ko ta Bwari, sannan za ka gane. Tun 2006 aka ba da kwangilar mayar da hanyar Abuja zuwa Lokoja tagwaye, kuma an shafe shekaru ana karkatar da motoci su haɗu a hannu ɗaya. A irin wurin nan tirela za ta ɓullo daga kwana ta dalle ka da ful, duniya ta koma fari fat.

Na sha zama a gidan gaba kusa da tsofaffin direbobin tashar Zuba, kuma abin da ke burge ni shi ne natsuwarsu. Fasinja ya runtse ido yana salati, shi kuwa direba hannunsa ko motsi bai yi ba a kan sitiyari.

Aikinsa yana farawa tun fitilar tana nesa, tana kamar tauraro. A lokacin yake haddace hanya: ga rami a hagu, ga mai keke a gefe, ga inda kwalta ta lanƙwasa. Ya san nan da ɗan lokaci ba zai ga ko ɗaya daga cikinsu ba, don haka yake ajiye su a ka. Dalili kuwa a halittar ido yake. Cikin duhu ƙwayar ido buɗewa take yi don ta tara ɗan hasken da ke akwai. Idan haske mai ƙarfi ya afka mata, sai ta tsuke, kuma sassan ido masu gani a duhu su sume na ɗan lokaci. Kafin su farfaɗo ana ɗaukar daƙiƙoƙi. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa 4 kawai, mutum ya yi tafiyar da ta kusa tsawon filin ƙwallo ba tare da ya ga gabansa ba.

Shi ya sa gwani ba ya yarda ya haɗa ido da fitila. Ido yana son bin haske, kamar yadda fara ke yi, kuma inda ido ya je can hannu ke jan mota. Sai ya sauke kallonsa zuwa gefen dama, kan farin layi idan akwai, in babu kan bakin kwalta inda ta haɗu da jar ƙasa, yana lura da mai zuwa ta wutsiyar ido. Tun ranar 2 ga Afrilun 1972 da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, gefen nan ne abokin direba. Ita kanta fitilar dim haka aka ƙera ta: ta sunkuya ƙasa ta hagu, ta ɗan ɗaga ta dama, don ta haska maka gefen ba tare da ta kashe wa ɗan'uwanka ido ba.

Ƙafa ma da nata aikin. Ɗaga ta yake yi daga totur tun da wuri, mota ta rage gudu da kanta. Taka birki da ƙarfi cikin firgita shi ne ke jawo na baya ya hau ka.

Abin da na fi girmama su a kai shi ne haƙuri. Direba zai yi dim tun daga nesa, ya ƙyafta wa mai zuwa fitila sau ɗaya don tuni. In ya sauke, madalla. In ya ƙi, ba ya ramawa. Matasa da yawa suna ganin barin ramuwa tsoro ne, su ma sai su saki ful, musamman yanzu da ake ɗaura wa motoci fararen fitilun LED masu huda ido. To me aka samu? Makafi biyu sun tunkari juna a guje. Haɗarin kuma yawanci a duhun da ke bayan fitilar yake ɓoye: babbar mota da ta lalace aka jera mata ganye a kan titi, ko saniya, ko mota mai ido ɗaya da ka ɗauka babur ce.

Kafin tsofaffin direbobin su bar tasha za ka ga suna goge gilashin gaba ciki da waje. Ƙurar hunturu da maiƙon hannu su ke watsa haske ya cika gilashi. Madubin ciki yana da ɗan harshe a ƙasa, a lanƙwasa shi hasken na baya ya dushe. Baƙin tabarau kuwa ba ruwansu da shi da dare, domin ɗan hasken da ya rage shi yake cinyewa.

'Yan acaɓa sun fi kowa shan wahala. Tun da aka hana su tsakiyar birni a 2006, zamanin ministan Abuja Nasir El-Rufai, sana'arsu ta koma unguwannin gefe irin su Karu, Jikwoyi, Lugbe da Dei-Dei, inda lungunan ba su da fitila. Gogagge a cikinsu yana ɗan duƙar da kai, bakin hular kwano ya tare masa haske, ya raɓa gefe, ya sassauta hannu. In gilashin hular ya kakkarce, ɗaga shi yake yi, in kuma hasken ya yi yawa ya sa ƙafa a ƙasa ya jira.

Shekaru suna rage saurin farfaɗowar ido, yanar ido kuma tana mayar da kowace fitila wani ƙaton gajimare. Akwai dattijon da na daɗe ina shiga motarsa zuwa Abaji. Da ya lura fitilu sun fara yi masa haka, ya je aka duba idonsa, ya miƙa wa yaronsa lodin dare. Yanzu da an idar da sallar asuba yake tayar da mota.