Sunan Wuri da Mai Wuri: Sharhi a kan Taswirorin Arewacin Kano

Hausawa suna cewa suna linzami ne. Wannan magana ba a kan ɗan Adam kaɗai ta tsaya ba, ta haɗa har da tudu da kwari da ƙorama, domin wurin da ba shi da suna ba a iya kwatanta shi ga baƙo, ba a kuma iya kafa shaida a kansa gaban alƙali. Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda taswirorin hukuma suka yi da sunayen wurare a karkarar arewacin Kano, watau yankin Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa da Bici har zuwa Ɗambatta da Makoɗa. Amma kafin a kai ga haka, ya kyautu a leƙa gaɓar teku ta ƙuryoyin duniya biyu masu ƙanƙara, domin a can ne aikin raɗa wa ƙasa suna ya fito fili ƙarara.

A ƙuryar kudu akwai nahiyar Antatika, wadda ba ta taɓa samun 'yan ƙasa na asali ba. Ƙanƙara mai sauka kamar gari tana taruwa a kanta shekara da shekaru, ta danne junanta har ta zama kamar dutse, sa'an nan nauyinta ya sa ta riƙa malalowa sannu a hankali ta cikin kwaruruwa zuwa teku. Wannan shi ake nufi da kogin ƙanƙara a nan. Da Turawa masu yawon bincike suka isa, sai suka tarar da ƙasa ba mai ita, suka shiga rabon sunaye yadda suka ga dama. A 1841 James Clark Ross na Ingila ya sa wa duwatsu biyu sunayen jiragen ruwansa, Erebus da Terror. A 1908 Shackleton ya raɗa wa wani ƙaton kogin ƙanƙara sunan Beardmore, attajirin da ya tallafa wa tafiyarsa da kuɗi. A 1911 Amundsen na Norwe ya yi haka nan da sunan Axel Heiberg. Duk cikin sunayen nan babu wanda zai gaya wa matafiyi inda ƙanƙara ke tsagewa ko inda iska ta fi tsanani. Tukwici ne kurum, ko kuwa tuta da aka kafa. Shi ya sa dogon hannun ƙasar da ya miƙe ya fuskanci Amurka ta Kudu ya tashi da suna har huɗu: Ingilishi suna ce masa Graham, Amurkawa Palmer, mutanen Ajantina San Martin, na Cile kuwa O'Higgins. Sai a 1964 Ingila da Amurka suka daidaita a kan suna guda.

A ƙuryar arewa lamarin ya sha bamban, domin tsibirin Girinlan yana da mutanensa, watau Inuwit, masu farauta da su a bakin teku. Da Danmak ta mallake su, sai ta shafe sunayensu a takarda ta aza nata. Garin da suke kira Ilulissat, ma'ana tsaunukan ƙanƙara masu yawo a teku, ya koma Jakobshavn, don tunawa da wani ɗan kasuwa. Kogin ƙanƙarar da ke kusa da garin, wanda yakan yi tafiyar mita 20 zuwa 40 a rana guda, shi ma aka liƙa masa wannan suna, alhali masu wurin Sermeq Kujalleq suke ce masa, watau kogin ƙanƙara na kudu. Sunan ɗan ƙasa yana faɗin abin da ke wurin da kuma inda yake, na baƙo kuwa yana faɗin wanda ya zo. Bayan da tsibirin ya sami mulkin cikin gida a 1979, sunayen asali suka komo, babban birnin ma ya tashi daga Godthaab ya zama Nuuk.

To, a wane ɓangare karkarar Kano ta faɗa? Ko shakka babu ba ta yi kama da Antatika ba. Binciken da Mortimore da Wilson suka buga a Zariya a 1965 ya nuna cewa kewayen birnin Kano na cikin wuraren da manoma suka fi cunkoso a Afirka ta Yamma, inda ake noma gona kowace shekara ba hutu, da taimakon taki da tokar birni da jakuna ke kaiwa. Ƙasar da aka daɗe ana nomawa haka ba ta da taƙi guda marar suna. Manomi ya san jigawa, mai rairayi da saurin shanye ruwa, wadda gero da gyaɗa ke so. Ya san dabaro, baƙar ƙasa mai nauyi da ke tsagewa da rani. Ya san fadama inda ruwa ke kwanciya, da fako inda shuka ba ta yi, da marmara, da hayi, da gangare. Yana bambanta gulbi da ƙorama da rafi, haka kuma tafki da kududdufi. Kufai yana shaida cewa an taɓa zama a wurin, burtali kuwa hanyar dabbobi ce tsakanin gonaki. Daga waɗannan kalmomi ne akasarin sunayen ƙauyuka da gonaki suka tsiro, kuma ɗaya daga cikinsu ta zama sunan jiha sukutum a 1991, lokacin da aka cire Jigawa daga Kano.

Ba a musun cewa Bahaushe ma yana sa wa wuri sunan mutum. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Dutsen Dala ya ci sunan mutumin da ya zauna a kansa, kakan Barbushe. Akwai Gidan wane da Unguwar wane da Rijiyar wane ba iyaka. Sai dai a nan mai sunan shi ya sari dajin, ko ya haƙa rijiyar, ko ya zauna gindin rimin. Beardmore kuwa yana Ingila aka kai sunansa inda bai taka ba.

Taswirorin da ake magana a kansu su ne waɗanda ma'aikatan safiyo suka zana daga hotunan jirgin sama, musamman masu ma'aunin 1:50,000. Adalci ne a yaba musu, domin sun daidaita nisa da tsawon tudu da karkatar rafi fiye da yadda ido zai iya. Aibinsu a wajen suna yake, kuma iri uku ne.

Na farko shi ne rubutu. Tun cikin shekarun 1930 aka shigo da haruffa masu lanƙwasa cikin rubutun boko, aka kuma kafa Hukumar Hausa a 1955, amma taswira da allunan hanya ba su bi ba. Ɗambatta ta zama Dambatta ko Danbatta, Makoɗa ta zama Makoda, Fanisau ta zama Panisau. Wani zai ce ai ɗan ƙugiya ne kurum, ba ya hana a gane wuri. Amma a dubi Bakin Ruwa da Baƙin Ruwa, ko Bakin Dutse da Baƙin Dutse. Ɗaya yana faɗin inda wuri yake, ɗayan yana faɗin launinsa, in aka cire ƙugiyar kuwa sun zama abu guda. Har kogin Tomas, wanda aka yi wa madatsar ruwa a yankin Ɗambatta cikin shekarun 1970, sau da yawa akan ga an rubuta shi Thomas a jaridu da takardun ofis, sai ka ce sunan wani Bature ne.

Na biyu shi ne haɗe abin da harshe ya rarrabe. Shuɗin layi guda ne ke wakiltar gulbi da ƙorama da rafi, alamar ciyawa guda ce ke wakiltar fadama da duk wani wuri mai dausayi. Mai zane ya bi rabe-raben da aka tsara da Turanci, ya bar wanda manomi ya gina bisa abin da ƙasa ke yi da damina da rani.

Na uku, wanda ya fi muni, shi ne shiru. Taswira takan kawo sunan gari da na babban ƙauye, sa'an nan ta bar sararin da ke tsakaninsu fari fat, kamar ƙanƙarar Antatika. Mai karatu zai iya cewa takarda ba za ta ɗauki sunan kowace gona ba, kuma gaskiya ne. Amma abin da taswira ba ta ɗauka ba kundi yana ɗauka. Ƙasashen da ke bincike a Antatika sun haɗa kundi mai ɗauke da wurare kusan 20,000, galibi da bayanin dalilin sunan. A 2015 masana suka fitar da jerin sunayen kogunan ƙanƙara na Girinlan fiye da 700, da na asali da na baƙi gefe da gefe. A 2021 ma an raɗa wa kogunan ƙanƙara 9 na yammacin Antatika sunayen biranen da aka yi tarurrukan sauyin yanayi, irin su Kiyoto da Faris da Gilasgo. Ƙasar da ba kowa ta sami marubuta, ƙasar da ke cike da mutane kuwa sunayenta suna cikin kan dattawa.

Hasarar da ke cikin wannan shiru ba ta ilmi kaɗai ba ce. In rikicin iyaka ya tashi gaban dagaci ko alƙali, da sunan gona da na bishiya da na kwari ake ba da shaida. Tun da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ƙara wa takarda ƙarfi, abin da ba a rubuta ba yana daɗa rauni. Burtalin da ba ya cikin taswira yana da sauƙin shigewa cikin gona, daga nan kuwa sai faɗan manomi da makiyayi. Birni yana ta cin gonakin Ungogo da Dawakin Tofa, ana yanka filaye ana ba su lambobi. Wanda ya sayi fili mai lamba ba shi da mai yi masa gargaɗi, amma da an ce masa sunan wurin Fadama ko Tafki, da ya san abin da zai tarar a watan Agusta.

Maganin abin ba ya buƙatar jirgin sama. Sassan Hausa da na labarin ƙasa a Jami'ar Bayero da kwalejojin horon malamai suna da ɗalibai daga kowace gunduma. In aka tura kowane ɗalibi ƙauyensu ya zauna da mai unguwa da tsofaffin manoma, ya rubuta sunan kowane tudu da kwari da ƙorama da ingantaccen rubutu, tare da karin sautinsa da dalilinsa da abin da ake shukawa a wurin, cikin 'yan shekaru za a sami kundin da ma'aikatan safiyo da kotuna za su dogara da shi. Mutanen Girinlan sun iya maido da sunayensu ne domin akwai sauran mafarauta da ke riƙe da su. A arewacin Kano ma masu riƙe da su suna nan da rai, amma kowace shekara ana rage su.