Bayan An Watse Daga Taron Siyasa, Wa Ke Ɗinke Ɓarakar?

Duk wanda ya bi sawun adabinmu na siyasa zai yarda cewa mun ƙware wajen zana faɗa. Waƙoƙin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja da Aƙilu Aliyu sun adana mana zafin zamanin NEPU da NPC, haka nan Tura Ta Kai Bango na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya fito a 1983, ya nuna yadda talaka ke ji a jikinsa. Sai dai da zarar ƙura ta lafa, alƙalaminmu ya kan tsaya cik. Ba mu cika tambayar yadda aka yi mutane suka koma gaisawa ba.

Mu ɗauki ƙauyukan Bichi da Dambatta da Dawakin Tofa da Minjibir. A nan gona manne take da gona, rijiya ɗaya ake ja, kowane gida kuma ya haɗa jini ko surukuta da na kusa da shi. Lokacin da PRP ta dare gida biyu a 1980, santsi da taɓo, an ga wa da ƙane sun daina magana, an ga aure ya girgiza. Ɗan birni yana iya sauya unguwa, amma manomi ba ya naɗe gonarsa ya tafi da ita. Dole a sake zama tare. To, ta wace hanya?

Sulhun maza kowa ya san shi: a taru a ƙofar dagaci, liman ya yi nasiha, a yi musafaha, a shafa fatiha. Na mata kuwa ba ya da rana ɗaya. Yarinya ce za a aika da kwanon ciyayya gidan da aka yi wata shida ba a shiga ba. Tsohuwa ce za ta je barka ko zaman makoki ba tare da ta nemi izinin jam'iyya ba. Bikin da aka ci ne za a rama, domin bashi ne, bai san santsi ko taɓo ba. Gwaggo ce za ta shige gaba a biko. A ma'aunin waɗannan mata, ba a shirya ba sai ranar da kwano ya dawo da wani abu a ciki. Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa, kuma ƙafar tasu ce.

Ba muna cewa a mayar da mata waliyyai ba ne. Habaici da zambo a gidan biki sun sha hura wutar da ta kusa mutuwa. Kuma rayuwar Gambo Sawaba ta isa shaida cewa mace ta shiga fagen da kanta, ta sha ɗauri, tun kafin matan Arewa su jefa ƙuri'a a babban zaɓe a 1979. Marubucin kirki zai nuna mai hurawa da mai kashewa, wata sa'a a cikin mace ɗaya.

Kayan aikin kuma muna da su. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta buga a 1954, ya bayyana ƙawance da biki dalla-dalla. Balaraba Ramat Yakubu, a Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, ta nuna yadda sana'ar cikin gida ke riƙe iyali bayan namiji ya yi watsi da su. Abin da ya rage shi ne a haɗa wannan ido da jigon siyasa. Majalisar Ɗinkin Duniya sai a 2000 ta zartar da ƙuduri mai lamba 1325 kan matsayin mata a sha'anin zaman lafiya, alhali kakanninmu sun daɗe suna aikin ba da takarda ba.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa, musamman masu tasowa: in za ku rubuta rikicin zaɓe, kada ku rufe littafi ranar da aka ƙone rumfa. Ku bi yarinyar nan mai kwano, ku ga wanda zai karɓa. Allah Ya sa mu dace.