Daren Dubai a bangon Birnin Kudu

Wani yayi ya shigo wa matasan masu zane a Birnin Kudu da Gwaram: zana birni cikin dare a bangon shagon aski ko na ɗaukar hoto. Dogayen benaye, tagogi ɗigo-ɗigo, sama baƙi ƙirin. In ba Burj Khalifa ba, to hasumiyar agogon Makka, duk an kwafo daga waya.

Kwaikwayo ba laifi ba ne, da shi hannu ke faɗawa. Inda nake ja da su shi ne yadda suke shafe bango da baƙin fenti, su ɗiɗɗiga fari da ruwan ɗorawa, su ce ga dare. A 1888 mai zane Van Gogh ya zana wani gidan shan gahawa da dare a garin Arles na Faransa, bai dogara da baƙi ba: shuɗi ya sa, da shunayya da kore, fitila kuma ruwan ɗorawa. A wurin ya tsaya ya yi aikin.

Mai zane ya je bakin tasha bayan isha'i mana. Ƙwan sola fari fat yana sauka kan gwangwanayen madarar mai shayi. Gefe guda garwashin mai tsire yana haska shi daga ƙasa, haɓa ja, goshi a duhu, hayaƙi na ratsa hasken. Can tirela ta taho daga Kano, fitilarta ta share kowa, inuwoyi su miƙe su gudu. Haske iri uku ke nan a wuri ɗaya, kuma ba wanda zai turo maka shi ta WhatsApp.

Za su ce mai shago ne ke biya, shi kuma Dubai yake so. Gaskiya ne, ba a aiki da yunwa. Amma an taɓa gwada masa wani abin ya ƙi?

Ga darasi a bayan gari. Shanun da aka zana a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, waɗanda wani masani mai suna Bernard Fagg ya yi nazarinsu a shekarun 1950, marasa tozo ne. Yau ba irinsu ake kiwo a nan ba, zanen ne ya adana mana kamanninsu. Aci-balbal ma tana kan wannan hanya, sola da tocilan sun kore ta daga tiren 'yan talla, kuma ban ga wanda ya zana ta ba tukuna.