Jinjina ga Masu Tsufar da Baƙin Fenti

Na sara wa masu haɗa ƙananan samfuran jiragen yaƙi, musamman masu fama da P-61 Black Widow, jirgin Amurka da ya shiga farautar dare a 1944. Baƙi mai sheƙi aka shafa masa don ya ɓace wa fitilun abokan gaba. Amma a samfurin da aka rage girmansa zuwa 1/48, zallar baƙi kan mai da shi abin wasan yara. Sai gwani ya surka ruwan toka kaɗan, ya kashe sheƙin saman fukafukai inda rana ke duka, ya zana tabon hayaƙin inji da ruwan ƙasa mai haske, tunda baƙi ba ya fitowa kan baƙi. Ƙwarzanen bakin ƙofa kuwa, da fensirin azurfa ake yinsa, ɗigo-ɗigo.