Jinjina ga Masu Bandar Cinyar Talo-talo

A Amurka akwai magidantan da ba sa jiran bikin Thanksgiving, wanda aka saba cin talo-talo a cikinsa, kafin su hura wutar banda a farfajiyar gida, kuma sun cancanci jinjina. Cinyar talo-talo jijiya ta yi mata yawa, ba ta son gaggawa. Sukan tsoma ta a ruwan gishiri da sukari ta kwana a firji. Washegari a tsane ta, a ɗora bisa hayaƙin itacen hickory ko na tuffa, wuta ƙasa-ƙasa, awa uku zuwa huɗu, fatar tana rinewa ja-ja-wur. Zafin cikin naman in ya kai digiri 74 na Salsiyos ya nuna, amma gwanaye, ni ma ina bayansu, sukan jira 80, sa'ad da tsoka ke sakin ƙashi da kanta.